Delbert Kauffman da Zanen da Ba Nasa Ba

Haihuwa da karatu

An haifi Delbert Kauffman a shekarar 1903 a garin Lititz na jihar Pennsylvania. Mahaifinsa Amos kafinta ne, mahaifiyarsa Salome mai gasa burodi. Ya yi shekara huɗu yana nazarin zane a Philadelphia, ya kammala a 1925 da takardar shaidar da ya riƙa alfahari da ita har tsufansa.

Aure da aiki

A 1931 ya auri Orpha Brubaker, wadda ba ta wuce firamare ba. A 1936, sa'ad da aiki ya yi wuya a ƙasar, gwamnati ta ɗauke shi cikin masu zana kayan gargajiya, kamar tuluna, barguna masu faci da akwatunan amare, domin a adana kamanninsu.

A 1937 zazzaɓi ya kwantar da shi, Orpha ta ƙarasa masa zanen wani bargo don kada a sallame shi. Zanen ya fito kamar bargon gaske, har shugaban sashen ya shafa takardar da yatsa yana laluben zare, ya ce, "Kai Delbert, ashe ɓoye mana hannunka kake yi!" Delbert ya karɓi yabon, ya koma gida ya ƙi cin abinci.

Daga nan zuwa 1942 da aka rufe aikin, ita ta yi ashirin da ɗaya daga cikin zanuka tamanin masu ɗauke da sunansa, kuma nata kaɗai ake zaɓa a kai baje koli. Bai taɓa yaba mata ba. Iyakarsa ya leƙa ya ce, "Jan nan ya yi yawa." Ita kuwa ta ce, "To gyara mana, malam mai takarda." Bai taɓa gyarawa ba. Ranar da aikin ya ƙare ya kwashe fenti da burushi ya bayar. Orpha ta rasu a 1961 ba ta sake zane ba.

Shekarun ƙarshe

A 1974, yana kwance ba lafiya, ya sa 'yarsa Verna ta rubuta wa ma'adanar zanukan wasiƙa, ya lissafa ashirin ya ce a mayar da sunan Orpha a kansu.

Verna ta ce, "Baba, saura ɗaya. Zanen zakaran ƙarfen nan fa?"

Ya ce, "Bar mini shi. Shi ya fi kyau."

Ta aika wasiƙar yadda ya faɗa.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 1974, aka binne shi a maƙabartar cocin Lititz kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya uku, Verna, Harlan da Lois, da jikoki bakwai.