Jan fentin da na shafa a bakin titinmu na Gurda

Shekarun baya, tun ban ko yi mafarkin buɗe wannan ɗan shagon fentin nawa ba, ina cikin masu zaman jiran aiki a bakin wani titi a Gurda, nan cikin Sabha ta ƙasar Libiya. Wanda bai san zaman ba, bari in kwatanta masa. Da an sallame sallar asuba kowa zai fito da kayan sana'arsa ya jera a bakin kwalta. Magini ya ɗora cokalinsa a kan bulo, mai fasa kankare ya ajiye guduma da kurfi, mai haƙa ya jingina diga da shebur, ni kuma in tsayar da rolata ta shafa fenti a cikin bokiti, kanta a sama. Ba sai ka iya Larabci ba, kayanka ne ke yi maka magana. Mai neman ma'aikaci zai zo da motarsa a hankali yana duba layin, in ya ga abin da yake so ya taka birki, a yi ciniki ta taga, ka haye baya. Duk cin abincinmu a kan wannan birkin yake. In mota ba ta tsaya ba, ranar ta tafi a banza.

Layin yana da tsari, kowa da gurbinsa, kuma ba a samun gurbi sai wani ya matsa maka. Ni abokina ne ya matsa mini. Magini ne, mutumin Tawa, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma kafin ya kama gini ya daɗe yana karen mota. Ranar da na iso daga Damagaram ban san kowa ba, shi ya ja bulonsa gefe ya ce in ajiye bokitina. Tun daga nan rolata kullum tana kusa da cokalinsa.

To wani mako sai abokina ya sami aikin kwanaki a wata gona a Samnu, ya tafi. Bayan tafiyarsa da kwana ɗaya wani ɗan kwangila ya tsaya a gabana, bayan motarsa cike da gwangwanayen fenti. Ya ce aikin baladiyya ne, wato hukumar gari. Duwatsun bakin titin nan da muke zaune a kai za a shafe, daga kwanar kantin magani har zuwa masallaci, ɗaya ja, ɗaya fari. Jama'a, kaina ya kumbura. Aikin hukuma, a ƙofar wurin zamana, ba hawa mota ba shan rana a wata uwa duniya! A garinmu kuwa in ka ga ana fente bakin titi ana shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, to babban baƙo ne zai zo. Ban tambayi kowa komai ba, ni da kaina na yanke hukunci, na juya na ce wa mutanenmu, “Ku tashi ku matsar da kaya, babban baƙo za a yi a garin nan.”

Suka tashi da murna, har wani yana cewa ƙila a ɗauke mu aikin shara. Na ja igiya don layi ya miƙe, na yi aikin da ko yau ba na jin kunyar a ce nawa ne. Da na iso daidai wurin zamanmu ma sai da na yi shafi biyu, na ce gaban gidanmu ne, ya kamata ya fi ko'ina ƙyalli.

Kwana biyu bayan fenti ya bushe aka zo aka kafa wani allon ƙarfe mai da'ira a kan sanda, motar masu gadin baladiyya kuma ta sami inuwa a tsallake ta zauna. Da safe motoci suka riƙa zuwa kamar kullum, sai dai direba ya rage gudu, ya kalli ja da farin, ya kalli masu gadin, ya ƙara wuta. Wani da ya saba ɗaukata ya leƙo ta taga ya nuna duwatsun ya ce, “Mamnu!” Wannan kalmar ko jiya ka zo Libiya ka san ta: an hana. Masu gadin ba su yi mana wulaƙanci ba. Ɗayansu ya yi mana bayani cewa majalisar gari ce ta hana tsayuwar mota a titin, domin wani kamfanin haƙar mai yana neman izini, kuma manyan motocinsa ta nan za su riƙa bi. Sai a lokacin na gane ko wane babban baƙo na yi wa kwalliya.

Mu wajen arba'in a layin nan, babu mai mota, babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari, shi ya sa ba wanda ya tsayar da ni. Amma da yunwa ta fara shigowa, kowa ya tuna hannun wa ya riƙe buroshi.

Ranar da abokina ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallon duwatsun.

“Wa yay yi wanga aiki?”

Na ce ni ne.

“Ja da hwari! Ni da niy yi karen mota, ko cikin kwana aka tashe ni na san ja da hwari. Ka tambai mutumin ko don mi za a yi shi?”

“Ban tambaya ba, yaya.”

“Ba ka tambaya ba. Amma ka samu lokacin shahwa muna namu har sau biyu.”

Ya sunkuya ya ɗauki bokitina da rolar a ciki, ya kai su jikin katangar da ke bayanmu ya ajiye, ya dawo ya mayar da bulonsa inda yake tun kafin in zo garin. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na san ba ni da bakin cewa an zalunce ni.

Cikin 'yan kwanaki layin ya fara watsewa. Wasu suka gwada wani wurin jiran aiki aka ce musu a cike yake, wasu suka fara zancen wucewa arewa, can garuruwan bakin teku. Wurin da mutane suka yi shekaru suna ci a cikinsa, ni na zo da gwangwani biyu ina neman tashinsa.

A bayanmu akwai shagon wani dattijo, ɗan asalin Fezzan ne, wato yankin nan namu, amma kakarsa daga ƙasar Hausa ta zo, yana da 'yar Hausarsa da ya gada. Shi ma dokar ta taɓa shi, don mu ne masu sayen burodinsa da shayi. Ya same ni zaune jikin katanga ya ce majalisa tana zama a makon, kuma ɗan gari yana iya shigar da takardar koke.

“Ni rubuta takarda. Kai shafa, kai magana. Kai tsoro?”

Gaskiya baƙo a ƙasar nan ba ya son ƙofar ofis, ko da takardunsa daidai suke. Amma magana ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Mahaifiyata ta sha cewa tun ina goye nake musu da mutane. Larabcina kuma, tsakanin na allo da na titi, yana kai ni inda nake so. Na ce, “Baba, mu je.”

Na kwana biyu ina haddace jawabin ban tausayi: mu baƙi ne, talakawa ne, muna da iyali a gida, ku dube mu don Allah. Da muka shiga zauren sai muka tarar namu koken shi ne na ƙarshe, na farko kuwa shi ne takardar kamfanin man, wanda ke neman a bar shi ya haƙa rijiyar gwaji a wani fili can wajen hanyar Samnu. Manoman Samnu da na maƙwabciyarta Zighan sun cika kujeru. Wani tsoho a cikinsu ya miƙe ya ce dabinonsa ya girmi duk wanda ke zauren, in haƙar nan ta ɓata ruwan ƙasa wa zai shayar masa da shi? Wakilin kamfani ya baje taswira yana ta bayani, manoma suna katse shi, shugaban zama yana buga tebur. Aka yi ta jan magana har na fara gyangyaɗi, don ni a ganina wannan rigimar manya ce, ba ruwan mai fenti.

Can sai wata 'yar majalisa ta yi tambaya a kan makarantar da ke titinmu, ta ce yara fa, da waɗannan manyan motoci? Wakilin ya ce an riga an rubuta a takardarsu, motocinsu ba za su shigo gari ba sai bayan ƙarfe tara, lokacin yara sun shiga aji. Barci ya gudu daga idona. Na dafa gwiwar dattijon na ce, “Baba, ka ji? Tara ya ce?” Ya ce tara ya ce. Nan take na watsar da jawabin da na haddace.

Majalisa ta ɗage maganar haƙar, ta ce sai an gwada ruwan an kawo mata sakamako. Manoma suka fara fita, aka kira namu. Dattijon ya gabatar da takardarsa a gajarce, ya nuna ni. Na miƙe na yi sallama, na ce, “Ni ne wanda ya yi fentin titin nan, kuma ni ne na farkon wanda fentin ya hana wa cin abinci.”

Zauren ya ɗauki dariya. Shugaban ya ce ya bi ta wurin, aikin ya yi kyau. Na yi godiya, na ce ban zo roƙon a goge ba. Na kwatanta musu zamanmu, yadda kasuwarmu ke ci daga asuba, kuma kafin takwas da rabi ta tashi, wanda bai samu ba ya kwashe kayansa. Na ce yanzu a gabanku aka ce manyan motoci sai bayan tara. Mu da su ba za mu taɓa haɗuwa ba. Ku ba mu safiya, ku ba su sauran yinin.

Wani ɗan majalisa ya ɓata fuska ya ce in an buɗe ƙofa mutane za su ajiye motoci su tafi, wa zai kwashe su kafin tara? Na ce masu zuwa wurinmu ba sa ko kashe inji, tsayuwarsu ba ta wuce ta gaisuwa. Wanda kuma ya nemi ajiye mota ya tafi, mu arba'in ne a wurin, kuma babu wanda ya fi mu son dokar nan ta zauna lafiya. Shugaban ya juya wurin wakilin kamfani, wanda ke naɗe taswirarsa, ya tambaye shi ko taran nan tabbas ce. Ya ce a rubuce take. Suka yi 'yar shawara a tsakaninsu, aka ɗaga hannu. Aka amince a gwada: tsayuwa ta ɗaukar ma'aikata daga asuba zuwa takwas da rabi, in an ga saɓani a soke.

Da muka dawo na ba mutanenmu labari, wasu suka yi murna, wasu suka ce sai sun gani. Abokina ko kallona bai yi ba. Sai da aka yi kusan mako kafin a zo a ɗaura ƙaramin allo a ƙarƙashin babban, da lokutan a rubuce. Washegari na fito da asuba na ajiye bokitina jikin katanga, inda ya koma zama. Ban isa in mayar da kaina layi ba, ba haka ake yi ba.

Abokina yana shan shayinsa. Ya shanye sarai, ya kife kofin, ya miƙe ya ja bulonsa gefe. Ya tako har katanga ya ɗauki bokitina, ya kai shi kusa da cokalinsa, ya gyara rolar kanta ya kalli sama.

“Taho ka zamna,” ya ce. “Gobe in an ba ka aiki, ka tambaya.”

Na taso na zauna kusa da shi. Muna nan zaune motar farko ta rage gudu, direban ya karanta ƙaramin allon, ya taka birki. Magini yake nema, abokina ya haye baya.

Maganar man kuwa, daga baya an gwada ruwan an ba su izini da sharuɗɗa. Motocinsu sun yi watanni suna wucewa bayan tara, sannan muka daina ganinsu. Ko sun sami abin da suke nema, ban sani ba. Layinmu dai yana nan har yau, ko da yake yawancin fuskokin sababbi ne, abokina ma ya koma Tawa.

Abin da ya zauna mini shi ne, a da ina ganin gwanin aiki shi ne wanda layinsa ya miƙe. Yanzu ko ƙofar gida aka ce in shafa sai na ji dalili, har masu saye a shagona suna cewa na cika tambaya. Haka kuma na daina gyangyaɗi in ana maganar da nake ganin ba tawa ba ce, tunda mafitarmu a bakin wakilin kamfanin mai na tsince ta. In na bi ta titin nan nakan ga duwatsun gaban wurinmu sun fi sauran ja, albarkacin shafi biyun nan, sai in yi dariya ni kaɗai. Na yi ayyuka da yawa a garin nan an yaba, amma babu yabon da ya kai mini taku biyar ɗin da abokina ya yi da bokitina a hannunsa.