Koren Ruwan Lagireto

Shekara goma sha tara na yi ina jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin bayana ya gaji, na ajiye sitiyari na koma fatauci. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka jahilin mota ne ke ba da labari. Ko rufe min ido aka yi aka tayar da inji, zan gaya maka ciwonsa. Da wannan fankamar na sauka Guangzhou, kuma ita ce ta jawo abin da zan faɗa.

A sanyin da ya gabaci wasannin Olamfik ne, saura 'yan kwanaki sabuwar shekarar 'yan Caina. Wanda bai zauna garin ba ba zai gane tashin hankalin ba. Masana'antu su rufe, shaguna su rufe, kowa ya saɓi buhunsa ya nufi ƙauyensu, kai baƙo a bar ka da kwantena rabi cike rabi wofi. Wandunan jins da na saro a Xintang sun riga sun shiga sito. Abin da ya rage kayan tangaran ne, kofuna da farantai da na sa aka yi min a wata masana'anta can lardin Hunan, bayan duwatsu. Yini guda ne zuwa, yini guda dawowa, idan hanya lafiya.

Mai motocin da nake hulɗa da shi yana da gareji a Panyu. Loban muke ce masa, wato maigida. Kwana uku ina yi masa sintiri, amsarsa ɗaya ce: meyo, babu. Direbobinsa duk 'yan arewacin ƙasar ne, sun tafi gida, kuma kafin su tafi sun ce hanyar duwatsu ta fara daskarewa. Ni kuwa na tsaya kai da fata. Na buga masa tebur, na ce idan ba zai iya ba akwai masu mota da yawa a garin. A rana ta huɗu ya kira ni ya ce an samu direba.

Na tafi tare da wani Alhaji ɗan Maradi, maƙwabcina a masauki, mai sarin takalma. Ya fi mu duka jin yaren mutanen, shi ke yi mana tafinta idan magana ta fi ƙarfin kalkuleta da nuni da hannu.

Muna shiga garejin na ga direban, sai na ga ashe na san shi. Mai guga ne a ɗaya daga cikin shagunan da nake sari a Xintang, siririn mutum ɗan kimanin shekara arba'in, wanda kullum na je sai ya ajiye dutsen guga ya zuba min shayi. Shekara da shekaru yana tsaye cikin tururi yana goge wandunan da wasu za su sa, burinsa ɗaya ya zama direban babbar mota. Ya zaro lasisinsa daga aljihun ƙirji ya miƙo min da hannu biyu, yana washe baki.

Alhaji ya duba ya ce, "Malam, permi nai sati ukku ne."

Lasisin sati uku! Kuma mutumin bakin teku ne, ƙanƙarar da ya taɓa gani a rayuwarsa ita ce ta cikin firji, kamar ni. A gida wa zai ba ka sitiyari haka? Ni shekara huɗu na yi ina karen mota, ina wanke ta, ina kwana a ƙarƙashinta, ina shan ranƙwashi, kafin maigidana ya yarda in matsa da ita daga bakin famfo zuwa inuwa. Shi wannan an koya masa juyawa da shiga tsakanin sanduna a fili mai laushi, an buga masa hatimi, yau ga shi za a tura shi kan duwatsun da tsofaffin hannu suka gudu suka bari.

Na tambayi loban wane shiri ya yi masa. Ya nuna min wata takarda da aka manna kusa da sitiyari, an buga ta da inji, har da jan kanu. Shawarwarin tuƙi ne a lokacin sanyi, don sababbin direbobi. Alhaji ya karanta min. A yi tafiya a hankali. Kada a sha barasa. A sa riga mai kauri. Kada a bar kayan abokin ciniki ba tsaro ko da na minti ɗaya. A kiyaye mutuncin kamfani, domin bana shekarar Olamfik ce, idon duniya yana kanmu.

Shi ke nan. Wallahi shi ke nan. Duk wanda ya rubuta wannan takarda ban yi zaton ya taɓa jin warin man gas ba. Alhaji ya ce ya ga a talabijin ana ɗaura wa tayoyi sarƙa, ko akwai? Loban ya ce meyo, ya koma ofishinsa inda na'urar ɗumama ɗaki ke aiki, ya ja ƙofa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuɓe rigar sanyina na ce wa Alhaji, "Gaya masa yau zai ga yadda ake sallamar direba." Na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina bugunsu da ƙarfe. Na gwada birki. Na zaunar da direban na yi masa karatun da aka yi min: a gangare ka sa ƙaramar giya tun daga sama, ka bar inji ya riƙe ta, kada ka kwanta kan birki. Ka ba motar gabanka tazara mai yawa. Idan barci ya zo, ka tsaya. Yana ji yana gyaɗa kai, har yana rubutawa a bayan kwalin taba.

Daga nan na buɗe murfin lagireto, na tsoma yatsa. Ruwan kore ne shar, da santsi, kamar na kududdufi.

Maigidana na Kano yana da al'ada. Duk safiyar tafiya sai ya tsoma yatsa a lagireto, idan ruwan ya fito da wani launi, to ranar ka shiga uku. A wurinmu zafi ne abokin gaba, mota takan tafasa tun kafin ka kai Jebba, maganinta kuwa ruwa mai tsabta, fari tas. Da haka na tashi, da haka na yi shekara goma sha tara. Sai na ɗauka wannan ma sakacin loban ne, ya bar ruwa ya ruɓe a cikin mota. Na yi ta zaginsa da Hausa ina kwance magudanar ƙasa.

Alhaji ya ce, "Malam, ka tabbata? Ni kamar na taɓa ganin irin wanga ruwa cikin galan a shagon kayan kamiyo, manyan motocin nan."

Na ce, "Alhaji, idan maganar takalmi ta taso zan tambaye ka."

Ya ja gefe. Na zubar da koren ruwan kaf a kwata, na ɗauraye sau biyu, na cika da ruwan famfo. Sabon direban shi ke riƙe min bokiti, yana ta shiye-shiye, yana godiya. Ya tayar da mota ya fita da kyau, ko tangal-tangal babu. Na koma masauki ina jin na yi aikin lada.

Ya isa lafiya, aka yi masa lodi. A hanyar dawowa ne sama ta saki wani ruwa da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Aka rufe hanyar duwatsun, motoci suka yi layin da ba a ganin ƙarshensa. Muna zaune a gidan abincin da 'yan Kano ke taruwa kusa da kasuwar Canaan muna gani a talabijin, manyan motoci jere, kowace ta yi fari kamar an yi mata farar ƙasa. A rana ta biyu Alhaji ya same shi a waya. Ina jin muryar direban daga inda nake zaune. Alhaji ya rufe bakin wayar ya ce me zan ce masa.

Na ce, "Tambaye shi kayan fa?"

Abin da ya fara fita daga bakina ke nan. Bayan nan wayarsa ta mutu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan kwana huɗu.

A bakin bakaniken garejin muka ji sauran. Direban ya riƙa barin inji a kunne don ya samu ɗumi, har mai ya kusa ƙarewa, sai ya kashe don ya rage na sauka. Da gari ya waye ruwan ciki ya zama dutse, ya tsaga lagireto, ya tsaga injin kansa. Ba inji, ba ɗumi. Sauran direbobi suka kulle motocinsu suka gangara da ƙafa zuwa wani ƙauye, suka yi ta kiransa ya ƙi, domin takarda ta ce kada a bar kayan abokin ciniki. Da nauyin ƙanƙara ya fara yaga tamfol, ya fita ya yi ta ɗaure igiya da hannu tsirara. Masu fasa ƙanƙarar hanya ne suka sauko da shi. A asibiti aka yanke masa yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya.

Bakaniken ya ɗauko wani galan ya ajiye a gabana. Koren ruwa ne. Ya ce magani ne, shi ke hana ruwan mota daskarewa. Tsohon direban motar, ɗan arewa, shi ya zuba da hannunsa kafin ya tafi gida. A duk garejin nan shi kaɗai ya yi wa sanyi wani shiri na gaske, ni kuma na zo na tuttular a kwata. Ya ce wane mahaukaci ne ya zubar? Na kasa ɗaga kai.

Kuma a ce takarda mai jan kanu, wadda ta sami wurin Olamfik da idon duniya, ba ta sami layi ɗaya ba da za ta ce koren ruwan nan kada a taɓa shi! Makarantar da ta ba sabon direban lasisi ma ba ta faɗa masa ba. Da ya sani, da ya riƙe hannuna.

Loban ya kore shi tun yana gadon asibiti, wai ya lalata mota. Ashe da aka tambaye shi wa ya zubar da ruwan, cewa ya yi shi ne. Na ja Alhaji muka je ofis, na ce a gaya wa loban ni ne, da hannuna, a gabansa ma in da ya leƙo ta taga. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wanda ke riƙe da makulli shi ke da mota. Sannan ya miƙo min taba, ya tambaye ni yaushe zan yi kwantena ta gaba. Alhaji ne ya riƙe min riga ya fitar da ni, in ba haka ba da ranar na kwana a hannun 'yan sanda. Ban sake taka garejin ba, amma wannan bai mayar wa kowa da yatsa ba.

Bayan hutu wata motar ta kawo kayan. Na buɗe kwalaye ina dubawa, ko kofi ɗaya bai fashe ba.

Sai da zafi ya dawo na iya zuwa wurinsa. Lokacin ana tsakiyar wasannin, kowane shago a Xintang da talabijin a bakin ƙofa, ana ta ihu ana tafi. Tsohon shagonsa sun karɓe shi, amma hannun ba ya riƙe dutsen guga, sai suka ba shi kujera a bakin sito yana gadi. Likitocin lasisi kuma sun ce da hannu irin wannan ba a jan babbar mota. Tafiya ɗaya tak ya yi.

Na je da shirin a zage ni, har ina so. Na rasa abin da zan riƙa masa, sai na ɗauki kofuna shida daga cikin kayan na naɗe a jarida. Yana ganinmu ya miƙe, ya jawo mana kujeru, ya ɗora ruwan zafi. Ya ce wa Alhaji a gaya min maganar ƙaramar giya gaskiya ce, a gangaren farko ya ga mota biyu a rami, tasa ko gezau. Na ce Alhaji ya tambaye shi don me ya ɗauki laifina ya ɗora wa kansa.

Ya yi magana a hankali. Alhaji ya juyo ya ce, "Ya ce duk cikin waɗanda sunka tura shi, kai ɗai ka buɗe motar ka duba."

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa, da loban, da mai rubuta takarda, da mai buga hatimi, da mutumin da ya buga tebur ya ce sai an je, wato ni.

Ya warware jaridar ya ga kofunan, ya yi murna, ya ce ashe sun iso lafiya. Ya ɗauraye uku ya zuba mana shayi. Ya kai hannun dama zai zura yatsa a mariƙin kofinsa, yatsan ba ya nan. Ya ɗan dubi hannun, ya juya kofin, ya ɗauka da hagu. Ni nawa yana gabana har ya huce, ban iya sha ba.