Tambayar da Aka Yi a Zauren Malam Sale

Har gobe ranar da na bi Likita Mai Guduma wani ƙauye a ƙasar Kabo ba ta fita raina ba. Zamanin Turawa ne, ina dirisa a asibitin En'e na Gwarzo, wato mai wanke miki da ɗaure shi. Da yake na ɗan taɓa makaranta, sai aka haɗa ni da wannan Bature in yi masa tafinta. Sunan ya samo shi ne daga wata 'yar gudumar roba da yake ƙwanƙwasa gwiwar mutane da ita.

Shi ba allura ya zo yi ba. Bincike yake kan wata cuta da ke cinye ƙarfin tsokar yara maza. Jama'a na cewa shan inna ce, shi kuwa ya ce a'a, wannan a hankali take zuwa, kuma gado ce.

Dagaci ya kai mu gidan Malam Sale, wanda ya riga ya binne ɗa ɗaya, ga na biyu, Iro, ya fara. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yayansa Malam Dauda, babba a gidan, ya zauna kusa da ƙofa. Tun a hanya dagaci ya raɗa mini cewa Malam Dauda ya matsa a saki uwar yaran, wai ita ta shigo musu da ciwo.

Likita ya sa Iro ya tashi daga ƙasa. Yaro ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, da ƙyar ya miƙe. Sai aka shiga tambayar dangi. Matar tana kulle, don haka wata tsohuwa ce ke shiga da tambaya ta fito da amsa. Ku kun san tsofaffinmu, ba su iya raɗa ba. Ta fito ta ce da ƙarfi, "Ta ce ƙanenta ma haka ya yi, bai kai aure ba ya rasu."

Fuskar Likita ta washe. Ya ce mini da Turanci, "Gaya musu ta jinin uwa take biyowa."

Na ce masa da Turanci, "Ranka ya daɗe, in na faɗi wannan a zaure, matar nan ba za ta kwana a gidan ba."

Ya ɗaure fuska. "Tana da ƙanne mata, su ma suna iya haifar irin Iro. Hakkinsu ne su sani. Fassara aka ɗauko ka, ba shawara ba."

To, ai bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Malam Dauda ya matso ya ce, "Malam, me Bature ya ce? Daga ina ciwon yake?" Kowa ya zuba mini ido.

Sai Malam Sale ya miƙe. "Yaya, a yi haƙuri, yaron nan ya gaji. Bari in raka baƙi." Ya ɗauki jakar Likita da kansa, ya yi gaba. Dole muka bi shi.

Da muka kai gindin tsamiyar da mota take, ya ce mini, "Gaya masa na sani. Ƙanen nata abokina ne, ni nake goya shi zuwa masallaci. Da idona buɗe na aure ta. Ƙannenta kuwa ni zan gaya wa mahaifinsu, mu biyu. Amma in maganar ta fito daga bakin Bature a gaban Yaya, ba ni da ikon riƙe ta."

Na fassara. Likita ya cire hularsa ya miƙa wa Malam Sale hannu.

Daga baya Likita ya yi suna ƙwarai a kan cutar nan, har likitocinmu da suka yi karatu a waje suna ce mini rubutunsa aka koya musu. Maganinta dai bai samo ba, Iro ma bai daɗe ba. Amma uwarsa a ɗakinta ta tsufa. Saboda haka ku matasan ma'aikatan asibiti, in sakamakon gwaji ya zo hannunku, kafin ku buɗe baki ku duba wa ke zaune kusa da ƙofa.