Jirgin Sintiri a Hanyar Dumega

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, jirgin saman soja ya fara sintiri a bakin iyaka, yana neman masu shigowa da bindigogi. Wata safiya muna komowa Dumega, ni da yayana da maƙwabcinmu, kowa da dogon iccen rumbu a kafaɗa, sai jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa yana kewaya mu.

Maƙwabcin ya zabura zai ruga, yayana ya riƙe masa riga.

"Malam, kar ka gudu. Daga sama iccen ga kamar bindiga yake. Ku aje, ku ɗaga hannu."

Muka aje iccen, muka ɗaga hannu. Jirgin ya sake kewayawa, sannan ya yi gabas. Har ƙararsa ta ɓace babu wanda ya sauke hannu.