Ƙwallon Haruna da Na Gyara

Bana shekara ashirin da uku ke nan da muka kai ƙanena Haruna makwancinsa, amma har yau in na tuna shi, haushi ne ke riga hawaye zuwa. Haushin kaina nake nufi.

Mu 'yan unguwar Tandabawi ne a nan Makka. Kakanmu ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Kano, bai koma ba. Ni na gaji dukanci, ina ɗinka wa alhazai takalma da jakunkuna. Haruna kuwa kansa na ja. Ya tafi gabas aikin mai, Turawan can suka ga ƙwaƙwalwarsa, suka tura shi wata kwaleji a Amurka, tun kafin a fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami. Can aka ga gudunsa, aka sa shi cikin 'yan wasan makarantar. Kakar wasa ɗaya tak ya buga. A wasan ƙarshe shi ya ruga da ƙwallo har ƙarshen fili suka ci, abokansa suka rubuta sunayensu a jikin ƙwallon suka ba shi.

Duk wannan daga baya na sani. Abin da ya fara isowa ƙunshi ne daga Jidda, ba takarda tare da shi. Na kwance a rumfata, sai ga ƙwallo dogo kamar guna, tsini gaba tsini baya, an yi masa jagwalgwalon farin fenti ko'ina. Na ce wayyo, kaya sun danne shi a jirgin ruwa. Ai na san ƙwallo, kullum ana kawo mini ɗinki, ban taɓa ganin mai tsini ba. Ga fata mai kyau, sai ta ba ni tausayi. Na farke ɗinkin, na datse tsinin biyu, na ƙara jar fatar akuya, na canza robar ciki, na kankare rubutun tas. Kwana uku na yi a kansa. Ya fito zagaye sumul, ni kuwa sai hura hanci nake yi.

Bayan mako uku takardar Haruna ta iso. Ya ce in adana masa ƙwallon, kada ko ruwa ya taɓa rubutun.

Da ya dawo na miƙa masa, ban iya haɗa ido da shi ba. Ya jujjuya shi a hannu, ya daɗe yana neman inda sunayen suke. Can ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Yaya. Ɗinkin ya yi kyau." Da zagina ya yi, da tuni na warke.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Akwai wani shagon shayi a unguwar Mansur inda mutanenmu ke zama bayan la'asar. Nan Haruna ya ba da labarin wasan: ana ɗaukar ƙwallo da hannu, ana sa hular kwano, ƙarti na kayar da juna. Wani mai tsire da ake kira Ammi Sale ya ce, "Ya shehu, ƙwallo da hannu, kuma mai tsini? Halas, shi ke nan, je ka kawo mu gani." Me zai kawo? Aka fashe da dariya, aka laƙa masa suna Abu Ƙwai, wato mai ƙwallo kamar ƙwai, sunan ya bi shi har kabari. Mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba ya zama shi ake misali da shi in an tashi zancen shafcin gizo.

Ina wurin, kuma ba sau ɗaya ba. Yakan ɗago ya dube ni, ni kuwa in sunkuya ina hura shayi. Baduku da ake ji da shi a unguwa ya ce bai gane fatar da ke hannunsa ba? Girman kai ya ɗinke mini baki, shi kuma bai taɓa tona ni ba, don ni ne babba.

Kwanakin baya a gidan 'yata na ga wasan a talabijin. Ga hular kwano, ga ƙarti, ga ƙwallon da tsininsa biyu, daidai yadda ya faɗa. Samarin gidan suna kallo suna hira da Larabci, ko a jikinsu. Na tambayi kaina, da Haruna na nan me zai ce? Na san ba zai yi gori ba, murmushi kawai zai yi, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Wa ma zai nuna wa? Ammi Sale ya riga mu gidan gaskiya, shagon shayin an rushe shi.

Haruna ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa guntayen fata biyu ne na tsinin da na datse, cikin gwangwanin basillata, ɗaya da rabin harafin da wuƙata ba ta kai ba. Sai kuma shaidar da ya jira daga bakina har ya gaji. To ga ta, ko da masu ji sun ƙare: na ga ƙwallon da idona, mai tsini ne, Haruna bai yi ƙarya ba. Ni na yanka shi.

Allah ya jiƙanka, ƙanena.