Lahadin Da Majami'a Ta Zo Ƙofar Ɗakina

Ko da tsufa zai kwashe mini komi, ba zan manta wata Lahadi ta shekarar babban fari ba, farin nan da ya watse da rabin mutanen Adar. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Karofane, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Mu Kirista gida shida ne kacal a garin. Majami'armu ɗakin laka ne mai rufin kara, kuma ni ce mai ba da waƙa, sauran su amsa.

Ana fama da yunwa sai ƙyanda ta shigo gari. Cikin kwana tara na rasa ɗana da ɗiyata. Maigidana ya riga ya tafi cin rani, ko labari bai samu ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka taya mazanmu haƙar kabari, don ƙasa ta bushe kamar dutse.

Da aka gama karɓar gaisuwa, na shige ɗaki na saki asabari. Lahadi uku ina jin ana buga ƙarfen kiran sujada, ban motsa ba. Ba fushi nake da kowa ba. Bakina ne ya ƙi kiran sunan Allah.

Gwaggona, wadda Musulma ce, ita ke kawo mini kunu. Ran nan ta ce, "Ke, zaman ga ba ya maido su. Mi ya hana ki zuwa wurin mutanenki?"

Na ce, "Gwaggo, in na tafi, mi zan ce mishi?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ashe gidan dattijon majami'armu ta nufa.

Lahadi ta huɗu ban ji ƙarfe ba, sai takun mutane a tsakar gida. Na leƙa. Ga su duka, ramammu, kowa da tabarmarsa. Dattijon ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, ba fiddo ki muka zo yi ba. Zauna inda kike. Yau nan ne majami'a."

Ya karanta Zabura, sannan ya yi addu'a, ya kira yarana da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ya Ubangiji, bakinta ya gaji. Ka karɓi namu a madadin nata."

Da aka zo waƙa, babu mai bayarwa. Can wata tsohuwa, wadda ita ma ta binne jikanta a makon nan, ta ɗauko da muryarta mai rawa. Ta kai baiti na biyu ya ɓace mata. Ta sake daga farko, ya sake ɓacewa. Ban san lokacin da na buɗe baki na ƙarasa mata daga cikin ɗaki ba. Suka amsa gaba ɗaya. A nan kukan da ya ƙi zuwa tun ranar jana'iza ya ɓalle. Mata suka shigo suka riƙe ni, maza suka ci gaba da waƙar a waje har ƙarshenta.

Haka suka riƙa zuwa duk Lahadi har maigidana ya dawo lokacin ruwan farko. Suna zaune kewaye da mu na faɗa masa rasuwar yaranmu.

Yau kusan duk sun rigaye ni. Abin da suka koya mini shi ne, ba a ɗaukar bangaskiya da kai ɗaya. Akwai ranar da mutum ba zai iya kiran Allah ba, kuma saboda wannan ranar ce aka ba shi 'yan'uwa.