Ranar da Baba ya ajiye kunya a kasuwar Bici

Jiya a kasuwar Bici, mai maganin basir yana ta kwarmato da lasifika, sai na ga Baba ya cafke hannun amininsa Malam Sule, daidai lokacin da zai karɓi kwalba.

Baba fa mutum ne da ko kalmar bayan gida ba ya furtawa a gabanmu. Shekarar da taki ya gagare mu, ya daɗe yana ganin jini yana shan jiƙo a ɓoye, sai da Inna ta tona shi. A asibiti a Kano aka duba hanjinsa da na'ura, aka cire wani tsiro. Likita ya ce da an bar shi, zai iya zama ciwon daji.

Da Baba ya ce masa ya je asibiti a duba shi, sai Malam Sule ya ce, "Haba Alhaji, basir ne kawai. Da furfurata zan kwanta yaro ya leƙa ni?"

Baba ya ɗaga murya har masu awon gero suka waiwayo. "Ni na kwanta, Sule, an leƙa ni. Bana da hannuna na nome gonata. Ajiye kwalbar nan, gobe ni zan raka ka."

Wallahi ban taɓa alfahari da shi kamar jiya ba.

Ku a gidanku, wa zai iya faɗa wa dattijo wannan maganar?